Bakwai da Ɗigo Huɗu

Farfesa Jatoi ya ture kundin digirin Mehwish da bayan hannu, don yatsunsa duk man samosa ne.

"Rukuni uku na ma'aikatan jinya, na safe, na dare, da masu karɓa-karɓa. Kowane yaro a garin Multan ya san rukuni uku ANOVA ake yi musu. Wa ya aike ki lissafin rigireshan, 'yata?"

Mehwish ta dubi malamarta. Idan baƙon mai jarrabawar nan bai sa hannu yau ba, aikin da asibiti ya ajiye mata na duba masu damuwa zai koma hannun wata.

Malamar, Dakta Sumbul, ta gyara mayafi. Ita ta aike ta. Tun da ta dawo daga karatu take faɗa a sashen nazarin halayyar ɗan Adam cewa gwajin t da ANOVA da rigireshan duk lissafi ɗaya ne yake sauya riga: ga abin da ka auna, ga abin da kake zargin ya jawo shi, ga ragowar da ba ka san dalilinta ba. Sashen kuwa ya raba su kwas uku, farfesa uku, kowa yana tsaron nasa kamar gonar gado.

Sumbul ta ce, "Sahib, ranka ya daɗe, ai abu ɗaya ne. In ka ba kowane rukuni lamba..."

"Abu ɗaya?" Ya yi dariya, ya juya wajen shugaban sashe. "Durrani, ashe shekara talatin ina koyar da abin da babu. Sai ku karɓe fanshona ku ba Madam."

Farfesa Durrani, wanda ya riga ya sa an ɗora kwalin mangwaro a motar baƙon, ya ce, "Yara ne, Sahib. Sun sha sanyin ƙasar waje."

Sumbul ta jawo kwamfutarta. Ta danna ANOVA a kan bayanan nan dai, ta juya masa fuskar. Bakwai da ɗigo huɗu. Shafi na sittin na kundin ma, inda sakamakon rigireshan yake, bakwai da ɗigo huɗu.

Farfesa Jatoi ya sa tabarau, ya daɗe yana gyaɗa kai.

"Kin gani? Yanzu sakamako ya fito. Masu karɓa-karɓa sun fi damuwa. Hanyar asali ba ta ƙarya."

Ya yage shafi na sittin, ya goge yatsunsa da shi, man ya bi ta kan lambar.

Maganar ta zo wa Sumbul har baki. Buɗe takardar kawai za ta yi, ta ajiye kusa da kwamfutar, kowa a ɗakin ya karanta da idonsa. Ta miƙa hannu. Sai ta ji an riƙe gefen mayafinta ta ƙarƙashin tebur. Hannun Mehwish ne.

Alƙalamin Farfesa yana tsaye a saman wurin sa hannu.

"Ko Madam tana da ƙarin darasi?"

"A'a, Sahib. Mun ƙaru."

Ya sa hannu, ya ɗauki samosa ta ƙarshe.

"Durrani, wata mai zuwa ina da bita a kan bambancin ANOVA da rigireshan. Ka turo mini Madam. Tana da ƙwaƙwalwa, tushe ne babu."

Sumbul ta ɗauki dunƙulalliyar takardar, ta sa a jaka.