Kwantirolar da Ke Warkewa da Ganin Tartsatsi

A masana'antar cika kwalaben ruwa, Tartsatsi ake ce mata, don ita ba ta san tafiya a hankali ba. An ba ta riƙon sashen lantarki na gwaji, kuma kamar da gangan, sai a lokacin ne kwantirolar babban bel mai jan kwalabe ta tsiro da tsiya.

Kwantirolar wani akwatin ƙarfe ne a jikin bango, ita ke ba motar da ke juya bel wuta, ta ƙara mata gudu ko ta rage. Ana tsakiyar aiki sai ta ɗauke, ta nuna alamar zafi, kwalabe su yi cirko-cirko. A aika a kira Tartsatsi, ta taho a guje da mitarta, ta tarar zafin har ya fara sauka, ta kunna, bel ya tashi sumul kamar ba shi ba. Ta canja fanka, ta hure ƙura, ta ɗaure kowace waya, ta auna motar ciki da bai. Duk a banza. Abin ya ishe ta, har abinci ya daina yi mata daɗi.

Manaja bai yi mata ɓoye-ɓoye ba: in abin ya sake ɗaukewa ba a san dalili ba, zai nemo wani ya riƙe sashen.

Wanda ya fi kowa jin zafin maganar shi ne Baban Layi, dattijon da ke shugabantar masu wankin kwalabe. 'Yarsa yake kiran ta, kuma kullum ta zo takan sami gefen akwatin a share tas.

Washegari da safe tana goge ragar da iska ke fita a saman akwatin, sai wani abu ya maƙale mata a farce. Zare ne shuɗi. Ta duba da kyau, ga sawun ɗigar ruwa ya gangaro a jikin fenti. Ta waiwaya ta kalli masu wanki, kowa sanye da shuɗiyar rigar aiki, jiƙe sharkaf. Don murna, da ƙyar ta danne dariya. Ta sa zaren a aljihu, ta ci gaba da aikinta.

Da rana, ba ta jira a kira ta ba. Ta zaga ta ƙofar masu lodi, ta raɓa bayan tulin kwalaye, ta leƙo. Ai kuwa ga su nan! Riguna jiƙaƙƙu an jibga su a kan ragar, har da safar hannu, suna shan iska mai ɗumi, akwatin kuwa ko numfashi ba ya iya yi. Ba a jima ba bel ya tsaya cak.

Nan take Baban Layi ya hau tafa hannu, yana cewa maza a kwashe kayan nan, a share wurin, kada 'yarsa ta zo ta ga ƙazanta ga abin da ke damun ta.

Tartsatsi ta yi tsalle ta fito, tana cewa kowa ya tsaya yadda yake. Ta tura a kira Manaja. A gabansa ta ɗage rigunan, suka zuba wa ɗan allon da ke jikin akwatin ido, lambar zafi na sauka. Ta kunna bel, ta mayar da rigunan, lambar ta soma hawa. Ma'aikata suka kaure da sowa. Manaja ya girgiza kai, ya ce sashen nata ne, a kuma ɗaura wa mutanen nan igiyar shanya a waje.

Baban Layi kaɗai bai yi sowa ba. Yana tsaye riƙe da tsintsiya, idonsa ya ciko.

"'Yata, ashe ni ne na kusa raba ki da aikinki. Don in fita kunyarki nake kwashewa."

Tausayinsa ya kama ta. Ta karɓi tsintsiyar ta jingine a bango.

"Baba, na gode. Amma daga yau in abu ya lalace, ku bar mini shi da dattinsa."