Mai Awara da Dinya

Cikin masu tara tsofaffin finafinai a birnin Osaka, Kuwabara kaɗai ke da "Mai Awara da Dinya", guntun fim ɗin barkwanci na zamanin da fim ba ya magana. Sauran kwafin duk wutar yaƙi ta cinye. Zaren fim ɗin nasa ma ya bushe, gefensa duk tsaga.

Tokuda, abokin hamayyarsa a wannan harka, ya zo ya duba.

"Ka ƙara sa shi a majigi sau ɗaya, sunansa gawa. Mayar da shi gwangwaninsa ka rufe, tsoho."

"Kamar naka? Ɗaki guda na gwangwanaye, ba wanda ya taɓa ko murmushi a kansu. Maƙabarta ka buɗe."

Kuwabara ya san gaskiya Tokuda ya faɗa. Amma ranar addu'ar tunawa da matarsa Fumie ta matso, ita ce kuwa a da ke tsayawa gefen farin ƙyalle tana yi wa mutanen fim ɗin muryoyi, har da dinyar.

Ranar, bayan limamin haikali ya gama karatu an kawo abinci, Kuwabara ya rataye ƙyalle ya kafa majigin hannu. Dangi, cikin baƙaƙen kaya, suka kalli juna. Tokuda ya dafe kai.

Ya fara juya hannun majigin a hankali. Ga mai awara da bokitansa a kafaɗa, ga dinya ta biyo shi. Ɗakin tsit, ba mai murya. Bai yi tunanin wanda zai yi muryoyin a madadin Fumie ba.

Sai Sadae, ƙanwar marigayiya, wadda ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba, ta miƙe wuya ta yi kukan dinya, sak na Fumie. Wani daga baya ya amsa da muryar mai awara, yana yi wa dinyar faɗa: "Baiwar Allah, ba ki biya ba!" Ashe duk sun haddace. Liman ya ƙware da shayi don dariya.

Mai awara na faɗawa rafi, zaren ya tsinke, ya tarwatse a cikin majigin.

Tokuda ya durƙusa yana tsince gutsattsarin, haƙarƙarinsa na ciwo don dariya.

"Ka kashe shi, tsohon banza."

"A bakin aiki ya mutu," in ji Kuwabara. "Ɗauki guntu ɗaya ka kai maƙabartarka. Ka gaya wa sauran gawawwakin wannan ya sa liman ƙwarewa."