Bindigar Eftihis Ta Sha Wanka

Hafsan Jamus ɗaya tak aka kashe a gonar zaitun da ke ƙasan ƙauyen Asfendari, amma gida biyu ne ke ajiye da bindigarsa. Kowa ya san wannan abin dariya. 'Yan zaman shagon gahawa har cewa suke yi ai marigayin da bindiga biyu ya sauko daga sama, ɗaya a ƙugu, ɗaya a aljihun wando. Argiro ce kaɗai ba ta taɓa taya su dariyar ba.

Ina kuwa za ta yi dariya, alhali da idonta ta gani? Tana 'yar shekara shida ranar da sojojin laima na Jamus suka rufe sararin tsibirin Kirit. Ta laɓe a bayan tulun mai, sai ga ubanta Eftihis ya shigo da la'asar, laujensa jina-jina har ƙota, ƙaramar bindiga soke a ɗamararsa. Laimar hafsan ce ta sarƙe a bishiyar zaitun, shi kuma Eftihis ya riga shi kai hannu. Ranar ko ruwa bai sha ba. Bayan garken awaki ya zagaya ya yi ta amai, uwarta na riƙe da kansa.

Shi kuwa Zaharis maƙwabcinsu, sai da yaƙi ya ƙare sarai sannan ya dawo daga birnin Haniya da tasa bindigar, wadda ya yi musaya da wani masunci a kan curin cuku. Amma Zaharis Allah ya ba shi baki, Eftihis kuwa sai ya wuni bai furta kalma goma ba. Duk biki, duk suna, in an ɗaga bindigogi ana harbi sama, sai Zaharis ya zaro tasa ya hau ba da labarin bishiyar zaitun. Sannu a hankali labarin ya tattara kayansa ya koma gidansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Har Eftihis ya koma ga Mahaliccinsa, in an kawo masa maganar, cewa yake yi, “Ƙyale shi.” Argiro dai ba ta ƙyale ba. Abin na cin ta kullum, kuma ba ta ɓoyewa.

Da yaƙin ya cika shekara hamsin, mutanen gari suka yanke shawarar mai da tsohuwar makaranta ɗakin tunawa. A tsakiyar ɗakin za a kafa akwatin gilashi, a sa bindigar hafsan, a rubuta sunan wanda ya kashe shi a jiki. Akwati ɗaya, suna ɗaya. Fada Miron, limamin cocin garin, ya san halin mutanensa, ya san a kan abin da bai kai wannan ba ma an zubar da jini. Sai ya ce ba shi ba yanke hukunci, a ɗauko masaniya daga gidan tarihi na birni ta duba bindigogin biyu.

Argiro ta ji daɗi har cikin ranta. Ta buɗe akwatin kayan aurenta, ta warware fatar akuyar da aka naɗe bindigar a ciki. Tsatsa ta ci bakin, mariƙin katako ya tsage, ga wari. Kai! Wannan za ta ajiye a gaban baƙuwa, a gaban Fada, a gaban zuri'ar Zaharis? A wajenmu namiji gara a gan shi da yagaggen wando da a ga makaminsa da tsatsa. Washegari ta hau motar safe zuwa Haniya, ta nufi layin maƙeran wuƙa, shagon wani dattijo mai suna Stratis.

Stratis ya juya bindigar a hannunsa, ya hura mata iska, ya yi fito.

“Inna, wannan ai ta ga duniya. Me za a yi mata?”

“Wanka za ka yi mata. Ina son ta yi ƙyalli har mutum ya ga haƙoransa a jiki. Wannan ruɓaɓɓen katakon ka cire, ka sa farin ƙahon akuya irin na wuƙaƙenku. Sannan ka zana mini baiti a gefe.”

“To ai da matsala. In na ɗora ta a dutsen wasi, duk rubutun nan da lambobin nan za su tafi. Kin ga har da 'yar mikiyar nan.”

Argiro ta leƙa. Mikiya ce ƙarama, ta buɗe fukafukai, ta dafe gicciyen nan mai karyayyun hannuwa, tambarin sojan Jamus na lokacin. Ta tofar da yawu a ƙasa.

“Su tafi mana! Don in adana musu rubutu ubana ya kashe hafsansu? Da wannan alamar suka ƙone mana ƙauyuka. Ita zan kai gaban Fada ya yayyafa mata ruwan albarka?”

“Ni dai da ni ne, mai kawai zan shafa mata in bar ta.”

“Da kai ne, da ubanka ma bai kashe kowa ba. Kai dai yi aikinka.”

Stratis ya ɗaga kafaɗa. Ya yi aikinsa kuwa, kuma a ba shi haƙƙinsa, ya iya. Da ta koma karɓa, sai ta zauna a kan benci tana jujjuya ta. Bindiga ta fito fes kamar amarya, ga farin ƙaho, ga baitin da ta yi ta saƙawa a ranta zane a gefe: “Ka sauko daga sama ba sallama, Eftihis ya ba ka masauki.” Ta yi kuka a nan cikin shagon, kukan daɗi.

Ranar dubawa makaranta ta cika maƙil, maza da baƙaƙen riguna da takalman fata, mata a baya. Masaniyar ta iso, wata 'yar siririya mai suna Evantiya, da farar safar hannu da gilashin ƙara girma. Zaharis bai zo ba, tsufa ya kwantar da shi. Ɗansa Rusos ne ya kawo tasu. Waɗannan mutane, don tsabar lalaci, tun da tsohon ya daina zuwa biki suka jefa ta cikin tulun man zaitun suka manta. Baƙa ƙirin ta fito, tana ɗiga. Argiro ta toshe hanci da gefen mayafi don kowa ya gani.

Evantiya ta goge man da tsumma, ta sunkuya da gilashinta. Ta daɗe tana dubawa.

“Wannan ta sojan Jamus ce, babu shakka. Ga hatimin rundunarsu, ga shekarar da aka ƙera ta, kafin yaƙin Kirit ne. Lambar da ke jikin baki ita ce a jikin sauran sassan. Irinta sojojin laima suka zo da ita.”

Rusos ya murza gashin baki. Argiro ta yi murmushi kawai, ta fito gaba, ta warware farin ƙyalle a kan tebur. Ɗakin ya ɗauki sowa. Wani ya karanta baitin da ƙarfi, aka tafa. Evantiya kuwa ba ta tafa ba. Ta ɗauka, ta juya, ta kai bakin taga, ta sake juyawa, fuskarta ta sauya.

“Inna, wa ya taɓa ta?”

“Taɓa ta? Gyara ta aka yi, 'yar nan. Makon jiya.”

“Makon jiya,” in ji Evantiya a hankali. “Ina hatimin? Ina lambobin?”

“Na sa an kankare ƙazantar.”

Evantiya ta cire gilashinta, ta shafa ido. Ba da wulaƙanci ta yi magana ba, wannan ma shi ya fi ciwo.

“Inna, abin da aka kankare shi ne bakinta. Da shi take faɗin inda ta fito. Irin wannan ƙirar an ci gaba da yin ta bayan yaƙi, wasu ma haɗa ta suke yi daga tarkace su sayar wa 'yan yawon buɗe ido. Ban ce taki ta ƙarya ce ba. Cewa na yi yanzu ba mai iya sanin ko ta gaske ce.”

“Ni na sani! Ina tsaye ya shigo da ita!”

“Na yarda kin gani. Amma ni abin da ƙarfe ya nuna mini zan sa wa hannu.”

“To ƙarfen nasu ya gaya miki wa ya kashe hafsan?”

“A'a. Ƙarfe ba ya faɗin wannan. Abin da zan iya cewa kawai, ɗaya za ta iya zama ta hafsan, ɗayar ba ni da shaida.”

Wannan ya ishi mutanen gari. Daga can baya wani shaƙiyyi ya ce, “Garin neman gira an rasa ido!” Dariya ta ɓarke, Fada Miron na ɗaga hannu ana ƙara yi. Rusos ya matso kusa da ita, ya ce, “Yaya Argiro, kada ki damu, tana da kyau ai. Ki rataye a falo kusa da agogo.” Kafin ta naɗe ƙyallenta an riga an aika wa mai zanen allo sunan Zaharis.

Ba ta wuce gida ba. Kai tsaye ta faɗa gidan da ta yi shekara da shekaru ba ta taka ba. Ta tarar da Zaharis shi kaɗai a ƙarƙashin rumfar inabi, an lulluɓe masa gwiwoyi da bargo, ƙoƙon barasar raki a gefensa. Wani jikansa ya riga ya sheƙo ya ba shi labarin abin da ya faru a makaranta, ya koma. Ya ƙanƙance ido ya gane ta.

“'Yar Eftihis. Yau kuma da alheri?”

“Kawu, ƙafarka ɗaya na cikin kabari. Ka ji tsoron Allah ka faɗa mini, wa ya kashe mutumin nan?”

Tsohon ya duba hagu da dama. Ba kowa, duk suna makaranta.

“Ubanki mana. Wa kuma? Ni ina bayan katangar gona a kwance, na jiƙa wandona sharkaf. Ina kallo ya hau bishiyar da lauje a baki.”

Argiro ta matso dab da shi.

“To tashi. Ko goya ka zan yi, sai ka je ka faɗa a gaban Fada.”

“Ba inda za ni.”

“Kawu!”

“Ke, saurara. Eftihis ya yi abin, ya san ya yi, da wannan ya kwanta a kabarinsa. Ni me nake da shi? Tumaki na kiwata har na tsufa, ban taɓa yin abin da za a tuna ba. Labarin nan shi kaɗai na bar wa jikokina. In ƙwace musu yanzu, don ke ki ji sanyi?” Ya kurɓi raki. “Kuma ni na aike ki wurin maƙeri? Da kin bar ta da tsatsarta, da yau kunnen doki muka yi, aka rasa sunan da za a rubuta. Ke kika ba ni nasara.”

Ta so ta tsine masa, sai ta fasa, domin ƙarshen maganar tasa gaskiya ce. Ta juya ta fito. Amma duk da haka da guzurinta ta fito: ya amsa da bakinsa, ta ji da kunnenta.

A gida ta tarar da ɗanta, wanda aka sa wa sunan kakansa Eftihis. Daga Haniya ya zo don taron, yana tsaye a tsakar gida yana shirin komawa. Bisa al'ada bindigar tasa ce, tunda shi ke ɗauke da sunan. Ta kama hannun rigarsa tana haki.

“Ya amsa! Zaharis ya amsa! Ya ce yana bayan katanga, ya ce kakanka ne ya hau bishiyar!”

“A gaban wa ya faɗa, Mama?”

“A gabana.”

 Ta warware ƙyallen, ta miƙa masa bindigar da hannu biyu.

“Karɓi, taka ce. Ni na ɓata ta, na sani, Allah ya isa tsakanina da kaina. Amma kai za ka riƙa faɗa wa 'ya'yanka yadda aka yi.”

Bai karɓa ba. Ya mai da ƙyallen ya rufe ta, ya riƙe hannayen uwar a nasa, ya yi magana a tausashe, irin yadda ake lallashin mara lafiya.

“Ajiye ta dai a wurinki. Kuma don Allah ki bar tayar da maganar nan a cikin mutane, dariya suke mana. Mama, shekararki shida fa a lokacin. Yaro kan ji labari sau da yawa har ya ɗauka gani ya yi. Ko da ma Kaka a wurin wani ya samo ta, ai ba abin kunya ba ne. Lokacin yaƙi ne, kowa ya tsinci abin da ya tsinta.”

Ya sumbaci goshinta, ya ce ta shiga ciki kada sanyi ya kama ta, ya laluba aljihu ya zaro makullin motarsa.