Man da Mukhtari Ya Zuba

Ni Tamimu bakanike ne, ɗan Zongon Kumasi. Shekara goma sha ɗaya ina gyaran tasi a Bronx, ban taɓa gamuwa da mai taurin kai irin Alhaji Issoufou ba. Mutumin Gaya ne ta Nijar, yana da shago a Morrisania, masallaci ɗaya ya haɗa mu.

Ranar Lahadin ƙarshe ta watan Yunin 2014 ya ɗauke ni zuwa City Island in duba jirgin ruwan ƙanensa Mukhtari, wanda Allah ya yi wa rasuwa a Janairu. Ƙaramin jirgi ne tsoho, irin wanda ba shi da farfela, yana zuƙar ruwa ta ƙasa ya feso shi ta baya. Mukhtari ya saye shi da arha bayan guguwar Sandy, ya shekara yana lallaɓa shi. Ya yi wa 'yarsa Firdaoussi alkawarin in ta gama sakandare zai kai ta ƙarƙashin gadar Throgs Neck, ita ce a sitiyari. To, ta gama. Washegari Litinin kuma za su koma Ohio ita da uwarta, jirgin ma an riga an sallama shi ga mai saye. Yinin nan kaɗai ya rage.

Injin yana tashi, ya yi tari, ya mutu. Na canza fulogi, na wanke kafireta, na sa sabon matacin mai. Ya tashi, ya yi tari, ya mutu. Har azahar muna abu ɗaya.

Na ce, "Alhaji, man nan na yaushe ne?"

Ya ce, "Mukhtari ya cika tanki a Oktoba. Isansi ne mai kyau." Haka mutanen Nijar ke kiran fetur.

"Wata takwas! Sai an zuƙe shi duka an fitar."

"Ba a zubda isansi, Tamimu. Shekara bakwai muna saida shi cikin kwalabe bakin titin Gaya, ni da shi. In ya yi datti, a tace da tsumma."

Wallahi hankici ya zaro daga aljihu. Na yi masa bayani cewa fetur ɗin ƙasar nan ana gauraya shi da wani sinadarin masara mai shan danshi, in ya daɗe a tanki sai ruwa ya taru ya kwanta a ƙasa, inda injin yake ja. Tsumma ba ya tace wannan. Ya dube ni ya ce mi na sani. Raina ya ɓaci. Na zura tiyo har gindin tanki, na zuƙo cikin wata 'yar kwalba, na danna masa a hannu.

Ya ɗaga ta saitin rana, ya karkata ta, yadda tsohon mai sana'ar yake yi. Mai a sama, ruwa gurɓatacce a ƙasa, yaro ma zai gane.

Can ya ce a hankali, "Tun jiya na gani. Gawarshi an kai gida, kayanshi an raba. Wannan kaɗai ya saura yadda hannunshi ya bar shi."

Kunya ta kama ni. Tun safe nake masa ihu a kan kafireta, ashe ba da injin nake faɗa ba.

Firdaoussi tana zaune a bakin katakon tashar da rigar ruwa a jikinta tun zuwanmu. Tana jin Hausa, amma da Turanci take amsawa, kamar sauran 'ya'yanmu. Ta taso, ta riƙe hannun baffanta mai kwalbar, ta yi magana da Hausarta mai tuntuɓe.

"Baba, bai zuba shi don ya zauna ba. Don mu tafi ya zuba."

Issoufou ya ajiye kwalbar. Sannan ya naɗe hannun riga. Na miƙa masa famfon hannu, ya ture, ya sa tiyo a baki ya ja irin na Gaya, ya tofar, man ya kama gudu cikin jarka. Jarka huɗu muka cika, idonsa na zubar da ruwa, na bar shi a kan cewa warin fetur ne.

Muka zuba sabon mai. A murɗi na uku injin ya kama, ya zauna daram. Ruwa ya feso ta baya, Firdaoussi ta karɓi sitiyari. Ni ban shiga ba, tafiyar ba tawa ba ce. Na tsaya da jarkokin da zan kai inda ake karɓar lalataccen mai, ina kallonsu har suka shige ƙarƙashin gada.

Sai da na zo haɗa kaya na ga 'yar kwalbar ba ta nan.

Tana shagon Issoufou har yau, a kan kanta bayan kujerarsa, mai a sama, ruwa a ƙasa. Wani lokaci baƙo yakan nuna ta ya tambayi nawa. Mutumin da ya yi shekara bakwai yana sayar da fetur a kwalba sai ya ce, "Wannan ba ta saidawa ba ce."