Marmaron Gindin Kanya

Wajen shekara arba'in bayan jihadi, a wani ƙauye tsakanin Tambuwal da Kebbe, marmaron da gari ke sha ya mutu. Da fari ruwan ya koma ja, yara suka yi ta gudawa. Daga nan wurin ya zama taɓo da sawun shanu, har mata suka koma tafiyar rabin yini da tuluna zuwa gulbi.

Mai gari Ɗanmaliki ya tara dattawa ya ce bayan Juma'a za a tashi, a nemi wani mazauni. Matasa kuwa sai wasa gatari suke, suna cewa shanun Ardo Maccido ne suka kashe musu ruwa.

Na'iya, tsohon mahaƙin rijiya da ƙarfinsa ya fara ƙarewa, shi kaɗai ya yi magana.

"Ranka shi daɗe, ba ni kwana fuɗu. Ni dai ban yarda ruwan ga ya tafi ba."

"In ba ka samu ba fa?"

"Ni ka fara ɗaukar kaya."

Kwana biyu yana haƙa da mutum shida, ba su ga komai ba sai baƙar laka mai wari. Rana ta uku mutum biyu suka rage. Na'iya ya zauna bakin ramin, bayansa na ciwo, yana tunanin yadda zai bar kushewar iyayensa ga ciyawa.

Sai ga Ardo Maccido da sandarsa, shi kaɗai, ko da yake ya san abin da ake faɗi a kansa.

"Baba, ba nan ya kamata ka haƙa ba," in ji shi. "Zo ka gani."

Ya kai shi gindin wata kanya, taku talatin sama da tsohon idon ruwan.

"Kullum da hantsi nan shanuna ka kwanciya. Na kora, na kora, sai su dawo."

Na'iya ya durƙusa ya tura hannu cikin ƙasa. Sanyi ya ratsa shi har gwiwar hannu. Ya miƙa hannu aka ba shi dagi.

Kafin azahar yashi ya fara duhu. Can ya ɗaga wani faffaɗan dutse, sai ruwa ya ɓulɓulo, fari tas, yana juya ƙananan tsakuwa. Na'iya ya kamfata ya sha, ya sake sha.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Ardo, je ka kira su."

Gari ya fito kaf, mata na guɗa. Amma Na'iya ya hana kowa tsoma tulu sai da aka gama aiki. Aka jera duwatsu kewaye da idon, aka yi shingen ƙaya da ƙofa ɗaya, aka rataya ƙwarya guda ta ɗiba. Fulani da manoma suka ja magudana zuwa gangare, inda aka yi wa dabbobi mashaya tasu. Ɗanmaliki ya yi doka: ba wanki, ba saran itace a wurin.

Da Na'iya ya isa gida, matarsa Madina ta dama masa fura da sabon ruwan. Ta fito da ita ta tarar ya yi barci a zaune, jikinsa duk laka. Ta rufe ƙwaryar da faifai ta ƙyale shi.