Baba Orval da Bindiga Ruwan Hoda

"Wannan ba bindiga ba ce, ƙotar fartanya ce aka liƙa wa bututun famfo," in ji Baba Orval, ya tura ta kan kanta da ɗan yatsa.

Doyle mai shagon jingina ya ɗauke ta. Ya maida ta jikin bango ya sauko da wata. Ni kuwa ina tsaye bayan tsohon, rungume da tulun iskar da yake shaƙa, kafaɗata kamar za ta cire. Ga wake na bari a kan wuta a gida, na ce wa mijina Harlan ya duba, wanda daidai yake da ban gaya wa kowa ba.

"Baba, ka zaɓi ɗaya mana," na ce. "Duk ƙanana ne, masu lamba ashirin da biyu, harsashi iri ɗaya suke ci."

"Nadine, ai da irin wannan gaggawar kika zaɓi miji, ga shi nan kina gani."

Baba Orval maƙwabcinmu ne, shinge ɗaya ya raba mu a kwarinmu na gabashin Kentucky. Ƙurar ramin kwal ta gama da huhunsa. Da sanyin bara ya wuce, likita ya gaya masa gaskiya, ya ce ba zai ga ƙarshen zafi ba. Shi kuwa Baba ba ya son barin aiki a baya, nan da nan ya hau rabon kaya. Zarton inji ya ba fasto, a-kori-kura ya ba ɗan ƙanensa, rigunan sanyi ya kai coci, bindigar da ya gada wurin ubansa ya ba jikansa da ke Ohio. Ya biya kuɗin akwati, ya zaɓi waƙoƙin da za a yi masa, ya zauna a baranda yana jira. Zafi ya wuce, ganye ya zube, mutum bai mutu ba. Har ta kai in aka gaishe shi sai ya sunkuyar da kai kamar wanda ya saɓa alkawari. Rigar sanyin da ke jikinsa a shagon ma ta Harlan ce.

To sai ga Disamba. Ƙatuwar bishiyar ƙofar gidansu ta kakkaɓe ganye tas, sai curin kauci kore shar can ƙololuwa. Mu dai na roba muke saye a kanti mu rataya, shi ke nan an yi Kirsimeti. Baba kuwa tun shekarar aurensu shi ke harbo nasa daga bishiya, ya ɗaure a saman ƙofar kicin, ya tsaya ƙarƙashi yana gyaran murya har matarsa Mama Wilma ta zo wucewa. Kowa ya san mace ba ta hana sumba a ƙarƙashin kauci. Mama Wilma 'yar fasto ce, kunya gare ta ba kaɗan ba, ban taɓa ganin ta riƙe ko hannunsa a gaban mutane ba. Baba yakan ce sumba ɗaya yake samu a shekara bisa doka, sauran duk sai da roƙo. Bana ga kauci, ga shi da rai, babu bindiga.

Na ce masa ya kira jikan ya kawo masa aro.

"In yi amai in lashe? An yi kuka ranar, har hoto aka ɗauka."

Mama Wilma ce ta ɗebo daga cinikin ƙwanta ta ba shi, ta ce in farashi ya wuce haka ya hau ya tsinko da haƙori. Shi ya sa muke shagon jingina, ba babban kanti ba.

Doyle ya miƙo wata baƙa mai cin harsashi goma a jere.

"Yaƙi ka ji zan tafi?"

Ya miƙo mai madubin hangen nesa a sama. Baba ya juya takardar farashin, ya yi tari mai tsawo har na tsorata.

"Da gidan ake haɗawa, ko bindigar ce kawai?"

Ya kushe wata don kunamarta ta yi tauri, ya kushe wata don ƙotarta roba ce, ya ce wata kuma mai ita bai taɓa goge ta ba, Allah ya sa matarsa ta gudu. Daga ƙarshe Doyle ya shiga ciki ya fito da wata tsohuwa, ƙotarta katako mai duhu, ta sha hannu har tana sheƙi. Baba ya karɓa. Ya shafa ta, ya sansana, ya buɗe ta ya leƙa bututun ta wajen hasken taga.

"Yauwa. Yanzu ka fara magana."

Kuɗinta ya ɗan haura abin da ke aljihunsa, amma Doyle ya ce don shi ne, ya bari. Baba ya gyara tsayuwa, ya ɗaga ta zuwa kafaɗa, ya auna agogon bango. Bakin bindigar ya hau rawa, ya yi ƙasa, ya ɗago, ya sake yin ƙasa. Ina jin numfashinsa yana fita da ƙyar. Ya ajiye ta a hankali.

"Saitinta ya karkace," ya ce.

"Ni ma na lura da haka," in ji Doyle. Allah ya yi wa mutumin nan albarka, ko kallona bai yi ba.

Sai ya sunkuya ƙarƙashin kanta ya jawo wata 'yar gajeruwa, irin wadda ake koya wa yara harbi da ita, harsashi ɗaya take ci. Ƙotarta ruwan hoda ce ƙal, har da hoton malam-buɗe-littafi a manne.

"Wata ta saya wa 'yarta, yarinyar ta girma. Ba nauyi, kuma ba ta ƙarya."

"Doyle, da mahaifinka muka yi aikin rami. Ni za ka ci wa mutunci?"

"Ɗaga ta kawai, Baba."

Ya ɗaga. Bakinta ya tsaya cak a kan agogon, bai motsa ba. Ya daɗe a haka.

"Babu wata kala?"

"Babu."

"Nadine, je ki kawo bargon da ke mota. Kuma duk wanda ya ji wannan magana a bakinku, in na mutu sai na dawo masa."

Ni dai ban gaya wa kowa ba sai Harlan, shi ma don ya daina mitar waken da ya ƙone. Doyle ya rantse matarsa kaɗai ya gaya wa. Ranar Asabar da hantsi, da muka fito da Baba tsakar gida muka zaunar da shi a kujera, rabin kwarin na jingine da shinge, kowa ya ce wucewa ya zo yi. Fasto ma yana nan. Mama Wilma ta ce ita ba ta kallon shirme, tana da burodi a tanda, amma labulen kicin sai motsi yake.

Bayan bishiyar tudun Baba ne, babu gida babu hanya, can harsashi ke faɗawa tun shekaru. Ya sa na warware bargon da muka naɗe bindigar a ciki. Wani ya yi dariya ya maida ta tari.

"Baba, ka bari in kawo mai baki biyu," in ji Harlan. "Harbi ɗaya an gama."

"An gama da me? Ta watsa dalma ta ragargaza ganye da 'ya'yan, ka kai wa mace shara? Tsinken gindin ake nema, a yanke shi tsaf, curin ya sauko da kyansa. Nadine, na gaya miki kin yi gaggawa."

Harbin farko ya ɓalle ɓawon reshe. Na biyu ya tayar da wani kurege, ya fito ya dinga yi mana tsiwa. Bayan kowane harbi sai Baba ya jingina ya huta, ya ja iska. Harsasan ƙanana ne, yatsunsa suka kasa riƙewa, ɗaya ya faɗi cikin ciyawa, daga nan ni na koma sa masa. Mutanen shinge da suka fara da ba da shawara, wannan ya ce dama, wancan ya ce iska ce, duk suka daina. Tausayi ya kama ni har na ji haushin kowa, har da bishiyar.

Harlan ya matso kunnena. "In laɓe bayan rumbu da tawa? In ya harba in harba, ba zai sani ba."

"Kunnen hagu ne ya mutu, Harlan," in ji Baba, bai ko waiwayo ba. "Kana dama."

Fasto ya ce in ana so, ai yana da zarton inji, ana iya sare reshen.

"Na san kana da shi," in ji Baba.

Ya ce in sa wani. Ya kafa gwiwar hannu a hannun kujera, ya kwantar da kunci a kan malam-buɗe-littafin, ya riƙe ɗan numfashin da ya rage masa. Tau. Curin ya girgiza, ya karkata, ya tsinke. Ya taho yana juyawa, kore da fararen 'ya'yansa ko ɗaya bai zube ba, mutane suka ɗauki tafi. Sai ya faɗa cikin wata gwafa a tsakiyar bishiyar ya zauna daram.

Aka kawo tsani, bai kai ba. Aka ɗaura sanda a kan sanda, saura da yawa. Harlan ya rungumi bishiyar zai girgiza, na ce masa ya bari kar a yi jana'iza biyu. Baba ya ce in sa harsashi. Na sa. Ya yi ƙoƙarin ɗaga bindigar, ta kai ƙirjinsa ta tsaya. Ya sake gwadawa. Sai ya kwantar da ita a kan cinyarsa ya ɗora hannu biyu a kai.

"Shi ke nan," ya ce. "Ku je gida, an gode."

Babu wanda ya motsa. Ƙofar kicin ta buɗe, Mama Wilma ta fito da silifas, tana goge gari a jikin rigarta. Ta ɗaga kai ta dubi curin, ta dubi mijinta. Ta karɓi bindigar ta miƙo mini.

"Harlan, kai da fasto ku ɗauko shi da kujerar. Ku zo nan. A'a, kun wuce. Baya kaɗan." Ta rufe ido ɗaya ta auna sama. "Nan."

"Me kuma za ki yi da ni, Wilma?"

"A ƙarƙashi aka ce. Ba wanda ya ce sai a bakin ƙofa."

Ta zare robar iskar daga hancinsa, ta riƙe fuskarsa da hannuwan nan masu gari, ta sumbace shi a gaban fasto da rabin kwari. Kuma ba irin ta gaisuwa ba. Fasto ya hau nazarin takalmansa. Wata a bakin shinge ta rufe wa ɗanta ido. Da na ga abin ya ƙi ƙarewa na ce, "Mama, iskar."

Ta maida masa robar ta gyara ta a bayan kunnensa. Ya daɗe yana haki, kumatunsa duk gari.

"Wilma," ya ce, "kina nufin duk shekarun nan, da na tsaya a gindin bishiya kawai ya isa?"

"Ƙwarai."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Ina son in ga ana shan wahala a kaina. Sau ɗaya ne fa a shekara."

Ya yi dariya har ta zama tari, muka ɗauke shi da kujerar muka shigar.

Bai ƙara fitowa tsakar gida ba. Aka dawo da gadonsa falo kusa da taga, inda yake hango bishiyar. Ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti na kai musu miyar kaza da rana, na tarar da Mama Wilma zaune a bakin gadon, ta kashe injin iskar. Ta ce yanzun nan ya cika. Na tambaye ta ko ya bar wata magana.

"Ya ce kar fasto ya ambaci kalar bindigar."

Fasto ya ambata. Da ita ma ya buɗe wa'azin, coci ya kwashe da dariya, ni kuwa ina dariya ina kuka har Harlan ya miƙo mini hankicinsa mai warin man inji. Na yi kewar tsohon nan tun kafin a rufe akwatin, da baƙar maganarsa da komai.

Bayan sabuwar shekara Harlan ya aro dogon tsani wurin masu gyaran rufi. Ya jingina shi da bishiyar, ya taka matakin farko, sai ga Mama Wilma a baranda.

"Ina za ka?"

"Zan sauko miki da shi ne, Mama. Ki rataya a ciki."

"Wa ya aike ka? Maida musu tsaninsu."

Washegari da safe ina wanke-wanke, na hango ta ta tagar kicin ɗina. Ƙanƙara ta sauka ta rufe tsakar gida fari fat. Ta fito da kofin gahawa, ta taka a hankali zuwa gindin bishiyar. Ta ɗaga kai sau ɗaya, ta matsa baya kaɗan, ta share ƙanƙarar da gefen takalmi. Nan ta tsaya, kofin a hannu biyu, har ya daina tururi.