Ƙishin Auta

Auta ba ta ƙoshi da ruwa, ga fitsarin kwance. Uwar ta gaji da shanya katifa, sai ta hana ta sha daga la'asar, ta ɗaure famfon kicin da tsumma.

Ranar da yarinyar ta yanke jiki ta faɗi a makaranta, likita ya ce wa uwar, "Jikinta ba ya yin sinadarin da ke sa ƙoda ta riƙe ruwa. Akwai magani, amma kada a sake hana ta."

Suna isa gida uwar ta kwance tsumman, ta cika kofi. "Ungo, Autata, sha."

Auta ta karɓa, ta laɓe bayan ƙofa kamar yadda ta saba, sannan ta sha.